Arzika Mai Riƙon Igiya

A Kafin Tama aka haifi Arzika, wani ƙauye da ke arewa da Dutse, tafiyar yini guda a ƙafa. Gidansu gidan masu narkar da tama ne. Ba maƙera ba ne su, ko da yake baƙo yakan haɗa su wuri ɗaya. Maƙeri shi ne mai zama a inuwa yana bugun fartanya yana taɗi da masu jiran aiki. Su Arzika kuwa su ne ke shiga ƙarƙashin ƙasa su haƙo jan dutsen da ake kira tama, su ƙona gawayin ƙirya, su gina murhun laka mai tsayin mutum, su yi kwana uku suna ba shi wuta har dutse ya saki ƙarfensa. Sai maƙeri ya zo ya ɗauka, ya buga lauje, gari ya yaba masa hannu. Wannan abu ya ci wa Arzika rai tun yana saurayi, kuma har ya tsufa bai daina mita a kansa ba.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, wuta ta daɗe da cinye masa gira. Ba shi da yawan magana. Abin da kowa ya san shi da shi shi ne karkatar da kai: ana cikin hira sai ka ga ya kwantar da kunnensa na hagu wajen kafaɗa, ya yi tsit, kamar wani na kiransa daga nesa. Mutane sun ɗauka ƙarar wuta ce ta taɓa masa kunne. Kunnen Arzika lafiyarsa lau, shi ne ma abin da ya dame shi.

Ramin tama ƙunci gare shi. Yakan yi zurfin mutum huɗu ko biyar, sannan ya karya ya bi gefe. Mutum biyu ke aikinsa, ɗaya ya sauka da dagi yana haƙa, ɗaya ya tsaya a baki riƙe da igiya yana jawo kwando. Galibi wa da ƙani ne, don ba wanda zai ba bare igiyarsa. Akwai kuma ƙa'idar da kakanni suka bari. Idan rami ya rufta da mutum, sai a kore jakuna, kowa ya yi shiru, mai riƙon igiya ya kwanta ya kara kunnensa a ƙasa. In ya ce ya ji motsi, shi za a ɗaure a zura farko, ya tona da hannu, domin ƙarfe zai ƙara zubo da bango. In ya ce bai ji ba, magana ta ƙare, ba mai sake tambaya. Sai a jera gumagumen ƙirya a bakin ramin, a yi addu'a, kowa ya ɗora dutse ɗaya. Daga ranar, duk wanda ya haƙo tama sai ya ware wadda ta fi kyau ya kai can, kuma duk baƙon da ya zo filin tama, nan ake fara kai shi ya yi gaisuwa, a ba shi dutse ya ɗora da hannunsa.

Shekara huɗu kafin Nasara su shiga Kano, bayan an gama girbi, rami ya rufta da Falalu, wan Arzika. Da hantsi ne. Falalu mutum ne mai waƙa in yana aiki, ana jin muryarsa tana fitowa ta bakin rami, sai aka ji wani gum, waƙa ta yanke, igiya ta saki a hannun Arzika. Shekarunsa ashirin a lokacin. Aka kore jakuna, tsofaffi suka kewaye shi, ya kwanta ya kara kunne. Ya ji. Bugu uku, a tsaya, bugu uku, irin yadda mai haƙa ke yi in kwando ya cika. Ya ɗaga ido ya ga ƙasa tana ci gaba da zuba daga bangon ramin da kanta, ba mai taɓa ta. Tsoro ya kama shi, tsoro tsagwaronsa, ba wani suna da za a ba shi. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce bai ji komai ba. Kafin la'asar an jera gumagumai, shi ya fara ɗora dutse.

Bai sake riƙe wa kowa igiya ba, bai kuma sake sauka rami ba. Ya koma bakin murhu, nan ya yi suna. Ba a taɓa yin mai idon tama kamarsa a ƙasar nan ba: ya ɗauki dutse ya auna a tafin hannu, ya lasa, ya gaya maka ko zai ba da ƙarfe ko kashi zai zama. To wannan idon ne ya sa wa ramin Falalu. Inda wani zai kai dutse ɗaya, shi kwando yake kaiwa, kuma ba ya kai sai zaɓaɓɓe, mai nauyi, mai baƙin ciki kamar hanta. Rami arba'in aka haƙa aka bari a filin nan cikin shekara talatin, kowanne sai da Arzika ya tsince masa mafi kyau. Tulin ya yi ta girma har ya fi rumbu tsayi. Mutane suka riƙa cewa ba su taɓa ganin ƙanin da ya so wansa haka ba. Malam Sharhabilu, mai makarantar allo a ƙauyen, ya sha gaya masa cewa mamaci addu'a yake bukata, ba ya cin dutse. Arzika ya ce gaskiya ne, ya ƙara yawan sadaka, ya ci gaba da kai dutsensa.

Abin da bai gaya wa Malam ba shi ne, bugun bai tsaya ba. Ba da dare yake zuwa ba, da dare Arzika barcinsa yake sha. Da tsakar rana ne, lokacin da iska ta kwanta, tsuntsaye suka shige ganye, gari ya yi shiru har kana jin numfashinka. Sai ya ji shi daga ƙasa, ta tafin ƙafa tukuna, kafin ya iso kunne. Uku, a tsaya, uku. Ya lura in ya kai sabon kwando yakan sami sauƙin kwana biyu, shi ya sa yake kaiwa.

Matar Falalu, Kubura, a da ita ce abokiyar wasansa kamar yadda aka saba tsakanin matar wa da ƙanin miji. Auta take ce masa, ta ɓoye masa hula, ta cika masa tuwo da yaji. Daga ranar ramin wasa ya mutu. Ta yi takaba, ta yi aure wajen Taura, ta shekara ashirin a can, mijin ya rasu, ta dawo ba ɗa namiji a raye. Arzika ya gina mata ɗaki a gidansu. Ta zauna tana kaɗi, tana dama masa fura, ba ta taɓa tayar da zancen ranar ba. Shi kuma bai taɓa iya haɗa ido da ita ya daɗe ba.

Shekarar da hanyar jirgi ta taso daga Kano ta bi ta Taura za ta Nguru, sana'ar tama ta fara mutuwa a tsaye. Guntayen ƙarfen dogo da tsofaffin kusoshi suka cika kasuwanni, maƙera suka gano ba sai sun jira kowa ya kwana uku a bakin wuta ba. Murhu shida na Kafin Tama suka koma ɗaya, na Arzika. Ana cikin haka sai ga wani Bature ya sauka a ƙauyen da tafintansa da jakuna huɗu. Dogo ne, jajir, ba ya wuce dutse bai ƙwanƙwasa shi da wata 'yar guduma ba, nan take aka sa masa suna Mai-guduma. Ya ce a nuna masa inda ake haƙar tama. Dagaci ya aika a kira Arzika.

Arzika ya yi abin da kowane ɗan gidansu zai yi da baƙo. Ya wuce da shi ramukan da ake aiki, ya kai shi gaban tulin Falalu. Ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya ciro dutsen da ya zaɓo tun daga gida, ya miƙa wa baƙon da hannu biyu don ya ɗora. Mai-guduma ya karɓa, ya fasa shi gida biyu, ya duba da wani gilashi, ya yi fito. Sai ya jefa shi a jaka. Tafintan, wani Ɗanladi mutumin kudu wanda bai san tama ba bai san Falalu ba, ya juyo ya ce Bature ya gode da kyauta. Kafin Arzika ya buɗe baki, baƙon ya hau tulin da takalmansa, yana fasa wannan yana fasa wancan, duk wanda ya fasa sai ya fi na baya. Ya ciro wani ɗan agogo mai allura wadda aka ce kullum arewa take nunawa. Ya kewaya tulin da ita, duk inda ya tsaya sai allurar ta bar arewa ta juyo ta dubi tulin tana rawa. Bature ya yi dariya. Mutanen da suka biyo su ba wanda ya yi dariya, wasu ma suka ja da baya. Ranar nan jakuna huɗu suka bar Kafin Tama da dutsen Falalu a bayansu, Arzika na tsaye da takalmi a hannu.

Damina ta zo ta wuce. Da kaka Mai-guduma ya dawo da takarda mai faɗin tabarma, aka shimfiɗa ta a ƙofar gidan dagaci, Ɗanladi ya karanta wa jama'a. An kai dutsen Ingila an gwada, wai ba a taɓa ganin irinsa a ƙasar nan ba. Za a gina gidan ƙarfe a filin tama, mai bututun hayaƙi da ya fi rimi tsayi. Za a ɓallo reshen hanyar jirgi daga tashar Taura, a yi masa gada a kan kogin Haɗeja, ya zo har bakin gidan. Wani kamfani zai zuba kashi biyu na kuɗin, gwamnati kashi ɗaya. Sharaɗi ɗaya ne masu kuɗin suka kafa: a kwashe tulin nan, a haƙa ƙarƙashinsa, a tabbatar abin da ke ciki irin na sama ne. Kai, ranar nan ka ga mutanen Kafin Tama! Dagaci ya fara tafiya irin ta hakimai. Samari suka fara raina gona. Har matan da ba su taɓa ganin jirgi ba suka soma shawarar abin da za su riƙa soyawa a tasha.

Aka zo da turaku masu farin kai aka yi ta kafawa, layi ɗaya miƙaƙƙe daga bakin kogi, ta cikin gonakin gero, ta bayan makarantar Malam, ba ya kauce wa komai. Arzika ya bi layin da ido daga kan tudu, ya ga turke na ƙarshe a gindin tulin yake. Ya san abin da ke ƙasa. In an buɗe ramin aka sami Falalu a can ƙarshen lungu inda ƙasa ta danne shi, to ya mutu nan take, maganar Arzika ta tabbata. In kuwa an same shi a wani wuri, duk wanda ya taɓa shiga rami zai karanta abin da ya faru ba tare da an gaya masa ba, har da Kubura. Wannan ne ya hana shi cin abinci.

Ya je wurin dagaci ya ce akwai gawa a wurin. Dagaci ya ce ai an riga an yi shawara da Malam. Malam Sharhabilu kuwa murna ma yake, ya ce shekara talatin ke nan yana fatan a fito da bawan Allah nan a yi masa sutura irin ta Musulmi, ya dafa kafaɗar Arzika ya ce Allah ne ya karɓi sadakarsa. Da Arzika ya rasa mafita sai ya je ya faɗi gaskiya, rabinta dai. Ya ce wa Ɗanladi ya gaya wa Bature dutsen nan ba a nan ya tsiro ba, shi ya tsinto shi ɗaya bayan ɗaya daga rami arba'in, ƙarƙashin wurin ba komai sai tsakuwa da ragowar tama marar kirki. Mai-guduma ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi. Ya ce duk ƙasar da ya je sai ya sami tsohon da zai ce masa ba komai a ƙasa. Ya ba shi taba.

Lebura ashirin suka yi kwana goma sha ɗaya suna kwashe tulin. Arzika ba ya iya zuwa, ba ya kuma iya zama a gida, sai ya sami gindin wata aduwa can gefe ya riƙa yini a nan. Kullum tulin na raguwa bugun na ƙaruwa. Yanzu ba sai iska ta kwanta ba. A rana ta bakwai jakunan da ke kwasar dutse suka toge, duka ya ƙi sa su matso, dole aka koma ɗauka a ka. A rana ta tara, da tsakar rana leburorin suna hutawa, wani Bamange daga cikinsu ya ajiye ƙoƙon ruwansa ya tambaya wa aka bari yana aiki a ƙasa. Aka yi masa dariya aka ce rana ce ta buge shi. Bai yi musu ba, ya ɗauki buhunsa ya kama hanyar Taura, ko ladansa bai tsaya karɓa ba.

Ranar da gumaguman suka bayyana duk gari ya fito. Ƙirya ba ta ruɓa, suna nan yadda aka jera su, baƙi ƙirin. Rana na tsaka aka sa igiya aka ɗaga na tsakiya, aka kifar da shi gefe. Ba a buƙaci diga ba, ba a buƙaci sauka ba. Falalu na nan dab da baki, zurfin kamu ɗaya ƙasa da gumaguman, a zaune, ƙoƙon kansa ya jingina da bango yana duban sama. Dagin na cikin ƙasusuwan hannunsa, ya cinye har bai fi taki ɗaya ba. Ya tono hanyarsa tun daga ƙasa, zurfin mutum huɗu, shi kaɗai cikin duhu. Cikin gungumen da aka kifar kuwa a rarake yake kamar turmi, saura kaurin yatsa biyu ya ɓula. A kan wannan wurin ne dutse ya yi ta taruwa.

Mai-guduma ya cire hularsa, iyakar abin da ya gane ke nan, an sami gawa. Tsofaffin masu tama kuwa suka dubi gungumen, suka dubi dagin, suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya juya ya dubi gindin aduwa inda Arzika yake, kuma da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Malam ya sa aka kawo likkafani, aka tattara ƙasusuwan, aka yi masa salla, kafin la'asar an binne shi a maƙabarta. Kubura na cikin mata, ba ta yi kuka ba.

Aka ci gaba da haƙa har zurfin mutum takwas. Tsakuwa, jan yashi, tama marar kirki, kamar yadda tsoho ya faɗa. Aka haƙa wasu ramuka biyar a kewaye, duk kanwar ja ce. Mai-guduma ya aika takarda, amsa ta zo, kafin ruwan farko ya naɗe tantinsa. Ba a gina gidan ƙarfe ba, ba a yi gada ba, gara ta cinye turakun, wasu mata suka tsince sauran suka hura wuta. Dagaci ya koma tafiyarsa ta da. Arzika shi ne mutum na ƙarshe da ya hura murhun tama a Kafin Tama, bai kuma sake hurawa ba bayan wannan shekara.

Bugun ya tsaya tun ranar da aka ɗaga gungumen. Arzika ya zaci zai ji daɗi, sai ya tarar shirun ya fi bugun nauyi. Ya yi wata guda yana kauce wa ƙofar Kubura, furarta na zuwa kullum yadda ta saba, yana mayar da ƙwaryar ba tare da ya sha ba. Wata safiya ya gaji. Ya same ta zaune a bakin ɗaki tana kaɗi, ya yi sallama, ya tsaya a gabanta kamar mai jiran hukunci.

Ya ce, "Yaya, ran nan da na kara kunne, na ji shi."

Ba ta dakatar da mazari ba. Ta ce, "Na sani, Auta. Kashegari da rana na je, ba kowa a wurin, na sa nawa kunnen. Na koma jibi. Kwana shida yayanka yana yi."

Ya tambaye ta abin da ya hana ta faɗa. Ta ce ta faɗa. Ta je wurin tsofaffin gidan tana kuka, suka ce mata kunnen mai riƙon igiya kaɗai ake ji, ita zafin rashi ne ke damunta, ta koma ɗaki ta riƙe takabarta. Ta lashi yatsa ta gyara zaren.

"Kullum cikin kwana shidan nan sai na ɓuya na fito, na tsaya a bakin zaure inda kake zaune, ko za ka ɗago kai ka gan ni. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa a ɗaga icen. Ba ka ɗago ba. Kana ta zaɓen dutsen da za ka kai masa."

Arzika na nan tsaye a gabanta. Ta ce ya ɗan matsa gefe, ya tare mata haske.